Yatsun Ɗan Ƙadangare

Tun da aka rushe katangar ƙasa ta gidanmu na Tambuwal, aka ja ta bulo aka shafe da siminti, tsakar rana ta mutu. Ban san yadda zan faɗa wa yaran yanzu wannan magana su gane ba. A da, in rana ta take, an sauke tukunya, maza suna gona, mata sun miƙe ƙafa a inuwa, gida ba ya yin tsit ko da ba mai magana. Za ka ji sur-sur cikin karan darni, ka ji ɓurɓushin ƙasa na zubowa daga tsagar bango, can kuma ka ji tim, jangwada ya faɗo daga kan rumbu, ya tsaya yana gyaɗa jan kansa kamar an tambaye shi wani abu. Kaji su ɗauki kuka, a tsawata musu, a koma gyangyaɗi. Yanzu bango sumul yake, ba tsaga ba rami, tagogi duk da raga, kuma lokaci-lokaci ana zuwa a yi feshin magani. Na yarda an huta da sauro da kyankyaso. Amma ni da na dawo gidan nan bayan rasuwar maigidana, in na zauna bayan azahar da carbi a hannu, sai in ji kamar baƙunta na zo inda aka binne cibiyata.

Kwanakin baya wata jikata da ta zo hutu daga birni ta kawo mini wani ɗan abu cikin gorar roba, ta huda murfin da allura don ya sha iska. Ta ce in gaya mata ko wane iri ne, tana son ta riƙe shi, wai a cikin waya ta ga mutane suna kiwonsu a akwatin gilashi har da fitila. Na sa tabarau, na kai gorar wajen haske. Ban dubi launinsa ba, yatsunsa na duba. Na ce mata ɗan ƙadangare ne, bai fi kwana goma da ƙyanƙyasa ba, ta kai shi gindin dalbejiya ta buɗe masa. Ta turo baki, ta ce ni dai komai sai in hana. Ta dai kai shi. Ban gaya mata dalili ba, don bakina ya yi nauyi. Hannuna ya fi bakina sauƙi yanzu, shi ya sa na ɗauki biro.

Mu a lokacinmu ba a cewa ƙadangare kawai a wuce. Kakata, wadda ta haifi babanmu, ita ta koya mini su, tana zaune a inuwar rumbu da mazari a hannu, ni ina tsince mata gurya daga auduga. Jangwada kowa ya san shi, shi ne namijin, mai jan kai da son a gan shi. Macen kuwa launin ƙasa gare ta, ba ta da hayaniya, sai ta zo ta sha ruwan kaskon kaji ta tafi abinta. Kulɓa sumul take tana sheƙi kamar an shafa mata mai, ba ta hawa bango, cikin shara da ƙarƙashin turmi take sulalewa. Hawainiya sai da damina ake ganinta a kan rama, tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙaya. Damo na daji ne, sarkin haƙuri, maza ke kawo shi daga gona. Sai tsaka. Ita kaɗai ce in an ambata mata suke tofar da yawu. Tana zaune cikin ɗaki, a jikin azara, kuma abin da kowa ya yarda da shi a lokacin shi ne in ta faɗa cikin abinci aka ci, kuturta ce za ta fito. Abin da ta faɗa ciki ba a wankewa, fasawa ake yi. Kaka takan ce, “Kada ki dubi launi, launi shina ruɗi. Dubi yatsu. Na tsaka masu faɗi ne, awa an danne su da ludayi, da su taka liƙewa ga bango. Na ƙadangare sirara ne, da farce. Ɗan ƙadangare in shina ƙarami kama shikai da tsaka, amma yatsu ba su ƙarya.” Lokacin da take faɗa mini haka, yanar ido ta riga ta fara rufe mata gani. Daga ka take faɗa, ni nake gani.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da aka raba mana ƙananan tutoci a makaranta, aka ce Turawa za su koma gida, ƙasa ta dawo hannunmu. Ina cikin 'yan mata kaɗan na unguwarmu da aka sa boko. Mun yi ta maci a fili muna ɗaga tuta, muka dawo gida ba abin da ya sake: in ɗebo ruwa a rijiya kafin rana ta fito, in yi surfe, in kai dusa wa awaki, in goyi ƙanwata da aka yaye. Motar En'e takan wuce sau ɗaya a yini, mu fita kallo. Abin da ke nuna mana shekara ta juyo ba tuta ba ne. In an yanke gero, Fulani su sauko da shanu su zauna a gonar Baba da ke hanyar Dogon Daji, shanu su ci kara su bar taki, Baba ya ba su damin gero. Haka aka gada. Kuma kowace safiya wata dattijuwa daga rugar takan shigo gidanmu da ƙoren nono jere a kanta. Mu yara Dada muke ce mata, yadda 'ya'yanta ke kiranta. Ita da Kaka ƙawaye ne tun suna da ƙarfinsu.

Ba ta fara zagaya unguwa sai ta sauke kaya a ƙofar ɗakin Kaka. Kaka ta ji ƙarar awarwaronta ta ce, “Ƙawa, yau ke da wace rijiya kunka raba nonon?” Dada ta ce, “Ke kuwa, ke da tsakuwa kunka raba geron jiya. Haƙorina guda na bari cikin tuwonki.” Kaka ta ce, “Da ma saura nawa gare ki?” Su yi ta dariya har Kaka ta share hawaye. Sannan Dada ta ɗauko wata 'yar ƙwarya mai zane, wadda ta ce ta uwarta ce, cike da kindirmo, rufe da faifanta, ta shiga da kanta ta ajiye a kan tukunyar ƙasa a ɗakin Kaka. Wannan ba na sayarwa ba ne. Ba mai buɗe shi sai an zo dama fura da rana. Gobe ta kawo wani ta juye, ta ɗauki ɗan tsaki ko kuka ko daddawa da Kaka ta ƙulle mata. Ni kuma takan dafa kaina ta ce, “Ɓingel, an yi karatu?” Ɓingel yarinya ke nan da harshensu.

Wata safiya ina shara na ga kazarmu ta cafko wani ɗan ƙadangare tana bugawa da ƙasa. Na jefe ta da tsintsiya ta saki. Bai kai tsawon ɗan yatsana ba, kuma ta gutsure masa rabin wutsiya. Na ɗora shi a tafin hannu, ina ganin maƙogwaronsa na bugawa. Tun ina yarinya ba na iya ganin abu na wahala in wuce. Na sa shi cikin wani fasasshen tulu, na rufe da ɓawon ƙwarya. Inna, mahaifiyata, ta gan ni. Ta ce, “Mi kika yi da ƙazantar ga? Ƙadangare ɗan akuya ne da za ki kiwata? Kowace dabba da inda Allah ya aje ta. Je ki yar.” Na fita bayan gida, na zagayo, na shigar da tulun ɗakin Kaka na tura bayan gado, tunda na san idonta ba zai kai can ba. Da Inna ta tambaye ni, na ce na yar. Ta ce, “Kin tabbata?” Na ce, “Wallahi na yar.” A gidanmu Baba ba ya dukan yaro don ya fasa tukunya ko ya zubar da miya. Amma rantsuwa da Allah a kan ƙarya, wannan ko babba ne sai ya ji a jikinsa, kuma sai an daɗe ba a sake yarda da bakinsa ba.

Kwana uku ina kiwo. Na ba shi tsaki, bai kula ba. Na ba shi ɓurɓushin tuwo, tururuwa suka taru a kai, na kore su, ban san su ne abincinsa ba. Na zuba masa ruwa a ɓawon gyaɗa. Kullum sai ƙara lafewa yake, cikinsa ya shafe, idonsa a lumshe. Rana ta uku na tuna yadda muka raya 'yar kyanwa da nono, na ce ai duk jariri nono yake so. Bayan Dada ta ajiye ƙwaryarta ta fita, Kaka kuma tana waje tana shan hantsi, na shiga na ɗaga faifai, na riƙo shi da yatsu biyu na kai bakinsa kan nonon. A daidai nan Inna ta ƙwala mini kira daga bakin ƙofa. Na zabura, ya suɓuce, na ga nono ya haɗiye shi. Na mayar da faifai na fito. Na ce a raina yanzu zan dawo in tsamo shi. Inna ta ɗora mini akushi a ka, ta ce in kai wa masu yankan dawa, in yi sauri sun fita ba karin kumallo. Gonar da nisa. Na tafi ina gudu, na dawo ina gudu.

Tun daga zaure na ji salati. Mata sun cika tsakar gida. Inna ta kifa ƙanwata a cinya tana sa mata yatsa a maƙogwaro, ana ɗura mata ruwan kanwa, yarinya tana ihu. Ashe ta yi kukan yunwa, Inna ta ɗebo mata nono ludayi biyu daga sama ta ba ta, sai da aka zo damu aka juya ƙwarya abin ya taso. An tsamo shi da kara an ɗora a kan faifai, ya kumbura, ya yi fari fat. Gwaggo, yayar Baba da ke maƙwabtaka da mu, tana tsaye a kansa tana cewa, “Tsaka! Wallahi tsaka! Daga bukkarsu taz zo da ita. Mutanen da ba su rufe ƙwarya sai sun tashi tafiya!” Kaka na zaune a bakin ƙofarta, ta ɗaga hannu ta ce, “Ku dakata. Shekara nawa ina shan nonon matar ga ko tsinke ban taɓa gani ba. Ina mai sabon ido? Zo nan, ɗiyata. Duba mini yatsunai. Masu faɗi ne ko sirara?”

Na durƙusa. Na ga yatsun nan sirara, kowane da ɗan farcensa, sun miƙe kamar mai roƙo. Na ga guntun wutsiya. Na ɗaga kai na ga Inna ta bar abin da take yi tana kallona. In na ce ɗan ƙadangare ne, ita ta san wane ne, ta san wa ya rantse. Na ce, “Masu faɗi ne, Kaka.” Kaka ta sauke hannunta. Sannan ta ce, “To.” Gwaggo ta ɗauki taɓarya ta fasa ƙwaryar mai zane, aka sa faifan a murhu.

Washegari Dada ta zo kamar kullum. Gwaggo ta tare ta a tsakar gida tun ba ta sauke kaya ba, ta zazzage mata komai, da ƙari. Dada ta tsaya da ƙore a ka ta ce, “Ni na tace shi da hannuna, ni na rufe da hannuna. Ƙawa, kina ji ana faɗa mini wagga magana cikin gidanki?” Kaka ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta ce, “Ni ban da ido, ƙawa. Ɗiyar ga ta duba, kuma ba ta yi mini ƙarya.” Dada ta juyo ta dube ni. “Ɓingel, ke kinka gani?” Na gyaɗa kai. Ba ta yi musu ba, ba ta ɗaga murya ba, irin kunyarsu ba ta bari. Ta ce, “Yarinya ta samu lafiya?” Aka ce sai abin da Allah ya yi. Ta ce, “Allah shi tsare ta. A ba ni ƙwaryata.” Gwaggo ta nuna mata ɓaraguzan a bakin juji. Ta dube su, ba ta iya sunkuyawa da kaya a ka. Ta juya ta fita.

Magana a wancan zamani ba ta da rediyo, amma ta fi rediyo sauri. A bakin rijiya aka fara, aka ƙarasa a gidan suna. Kafin kasuwa ta zagayo, in Dada ta ratsa unguwa tana kiran nono, ba gidan da ake cewa ta shigo. Har matan rugarsu abin ya shafa. Na gan ta ran kasuwa a gefe, nesa da sauran, ƙorenta a cike har la'asar, tana korar ƙuda da reshen ganye. Na bi ta bayan rumfar masu gishiri don kada ta gan ni. A gida kuwa kowace safiya sai Inna ta tuɓe ƙanwata ta kai ta rana, tana juya ta, tana duba bayan kunne da hammata ko tabo ya fito. Kaka ta daina raha. Fura da ruwan tsamiya ake dama mata, ta kurɓa ta ture. Ni kuma in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji kamar an riƙe mini gwiwar hannu. Na riƙa ce wa kaina gobe zan faɗa. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben har aka kai dawa rumbu.

Ranar da na faɗa ba wani abu ne ya faru ba. Ina zuba wa Kaka ruwan alwala ne daga buta, ta ce, “Allah shi yi miki albarka, ke ce idona.” Sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata duka, tun daga kaza. Ta bar hannunta a miƙe ruwa na ɗiga. Ba ta zage ni ba. Ta ƙarasa alwalarta, ta yi salla, sannan ta ce, “Ɗauko mini mayafi da sanda. Ki hau ki sauko mini da ƙwaryar da ke can saman jere, babbar.” Inna ta ce, “Iya, ina za ki da rana haka, gonar da nisa, bari a aika.” Kaka ta ce, “Da baki na aka kore ta, ba da aike ba.”

Muka kama hanya, hannunta a kafaɗata, ƙwarya a kaina. Tsohuwar da rabonta da wuce zaure an yi shekaru. Muna tafiya tana hutawa a gindin kowace bishiya. Da muka kusa, ita ta fara tsayawa. Ta ce, “Ban ji kukan maraƙi ba.” Na duba. Ba bukka ko ɗaya. Sai da'irori a ƙasa inda suka tsaya, da duwatsun murhu da toka, da turaku inda ake ɗaure maruƙa, da taki baƙi shimfiɗe. Wani tsoho da ke tattara kara a gonar maƙwabta ya ce sun tashi shekaranjiya, sun yi wajen Kebbe. Ya ce shi ma ya yi mamaki, tunda sun saba kaiwa har ruwan farko, amma matansu sun ce garin nan ya ƙi nononsu.

Kaka ta ce in kai ta inda bukkar ƙawarta take. Na kai ta, ta zauna a ƙasa, ta lalubi duwatsun murhu da hannu. Can ta ce, “Nawa haƙƙin na yafe miki, tun kan hanya. Rantsuwa kuwa tsakaninki da Mai sama, shi Mai gafara ne, ki roƙe shi. Amma nata, ni ban da ikon yafe shi, Allah ma ba shi yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. Riƙe ƙwaryar ga. Ran da kinka gan ta, ki durƙusa ki ba ta, ki faɗa mata yatsun sirara ne.”

Kaka ta sa Inna ta bi gida-gida ta warware maganar. An ji, an ce Allah ya kyauta, amma warwara ba ta da ƙafa irin ta ƙulli. Na sha dukan Baba, kuma ban ji zafinsa yadda na zata ba. Shekara ta juyo, wasu Fulani dabam suka sauka a gonar, ba su san su Dada ba. Kaka ta rasu damina biyu bayan haka. Ƙanwata ko ƙyasfi bai fito mata ba, ga ta can da jikokinta. Da na shiga sakandaren 'yan mata, malamar kimiyya ta nuna mana tsaka cikin kwalba, ta ce ba ita ke kawo kuturta ba, wata ƙwayar cuta ce. Abin da malaman addini suka faɗa a kan tsaka ban taɓa ja da shi ba, wannan dabam ne. Amma ranar na kifa kai a kan tebur, don na gane ko da ma tsakar ce, bai kamata a fasa ƙwaryar uwar wani a kanta ba.

Aure ya kai ni Kebbe, na yi shekaru a can, ƙwaryar da Kaka ta ba ni tana cikin jerena. Duk mai nonon da ta shigo sai na sa ta zauna, na ba ta ruwa, na tambaye ta ko ta san wata dattijuwa da ke sauka kusa da Tambuwal a da, doguwa, mai awarwaro da yawa. Sai su ce, yaya sunanta? In ce Dada. Su yi dariya, su ce ai kowace uwa Dada ce. Shekara da shekaru tana dafa kaina, ban taɓa sanin sunanta ba. Ƙwaryar ta tsage, na ba da aka ɗinke, ta sake tsagewa, har ƙwaro ya cinye gindinta.

Yanzu na daina tambaya, don ko 'ya'yanta in suna raye sun zama tsofaffi irina. Ina sa ta cikin addu'a bayan kowace salla, ina cewa ƙawar Kaka, na san Wanda nake roƙo ya san sunanta. Wuri ɗaya ya rage inda za mu haɗu, ba shi da nisa gare ni kuma, can kuwa ba a zuwa da ƙwarya.